Uwar Shekarau

Ranar Juma'a ce da hantsi. Ina ɗaure matsefata a bakin zanena, zan fita in kama motar zuwa asibiti, sai na ji sallamar Sanda tela a ƙofar gida. Na fito na same shi tsaye cikin yayyafi ba laima, riƙe da langar kunu. Langar a cike take, na gane daga yadda ya riƙe ta.

Ya ce, "Rahmatu, ki koma ciki ki zauna. Na kai mata kunu, na tarar sun naɗe katifar. Hansai ta riga mu."

Na ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a dokin ƙofa. Shi kuma ya ajiye langar a gefena, kamar ni ya kawo wa, ya juya ya tafi.

Duk Zangon Agege da ke Ikko, in ka ce Hansai, sai an tsaya ana tunani. In ka ce Uwar Shekarau, ko yaron da bai iya tsarki ba zai nuna maka ƙofar ɗakinta. Ni na san ta tun kafin wannan suna, shi ya sa nake so in faɗi yadda ta zauna a duniya.

Ta sauka daga jirgin Kano ba a daɗe da samun mulkin kai ba, da kwalla a ka, tana bin bayan mijinta Almu. Almu ɗaurin huhun goro yake yi a wurin yayansa, Alhaji Isma'ila, babban dillalin goro. A gidan Alhajin maigidana yake haya, ɗakinmu da nasu suna kallon juna. Ranar da ta zo ruwa ake yi kamar ba za a daina ba. Ta leƙo ta dubi sama, ta dube ni ina tuƙa tuwo a baranda, ta ce, "Baiwar Allah, wannan garin sama ba ta gajiya ne?"

Na ce, "Ashe Bakanuwa ce. Ki shanya idonki, nan ba Kura ba ce."

Ta ce, "Af, Bazazzagiya! Shi ya sa tuwon ya yi ruwa."

Daga nan muka ƙulla. Ban ƙara jin sunana a bakinta ba sai in magana mai nauyi ce. Kullum Bazazzagiya.

Gajeriya ce mai jiki, mai dariya da dukan ƙirjinta. Kwalli take so fiye da komai, ko wuta za ta hura da asuba sai ta zizara shi. Ba ta yi wata biyu ba ta fara tuwon sayarwa a cikin gida. Masu rako shanu a jirgi da masu dakon goro suka san zauren Alhaji. Ta koyi miyar manja a wurin maƙwabtanmu Yarbawa, ta koyi Yarbancin ma kafin ni da na riga ta zuwa. In mutum ya ce tuwon ya yi kaɗan, sai ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "A gaya wa Oga ba shanun da ya rako zan ciyar ba."

Wata Juma'a, maza suna shirin masallaci, ta kira ni ɗakinta ta tura ƙofa. Dama na lura kullum mayafinta yana zagaye da haɓarta ko ana zafi. Ta sauke shi. Gashi ne, baƙi mai kauri, a haɓa da gefen kumatu, wani ya fito, wani ya karye a cikin fata ya yi ƙurji. Ta miƙo mini matsefata, irin wadda ake cire ƙaya da ita.

Ta ce, "Madubina ƙarami ne, hannuna kuma rawa yake yi. Rahmatu, ki rufa mini asiri."

Ta kwantar da kanta a cinyata na cire mata. Daga ranar ya zama aikinmu na kowace Juma'a. A nan cinyar tawa ta gaya mini sauran. Tun tana budurwa al'adarta ba ta da lokaci. Sai ta zo da damina, ba za a ƙara ganinta ba sai wajen Sallah. Uwarta ta ce in ta yi aure zai daidaita. Bai daidaita ba. Bayan wuyanta ya yi baƙi, ta dirje shi da soso da sabulun salo har ya yi jini, bai fita ba. Ga jiki yana ta ƙaruwa, alhali ita mai tuwon ba ta cin rabin malmala.

Shekaru suka tafi ba haihuwa. Almu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mata murya a kan wannan ba. Amma unguwa ba Almu ba ce. Duk gidan da aka yi suna ita ke kan babbar tukunya, in an gama a ce mata, "Allah ya kawo naki," da irin muryar da ta fi zagi ciwo. Na sha jin kalmar juya a bayanta, ita ma ta sha ji. Akwai wata mai sayar da gawayi a bayan gidanmu da ta taɓa hango haɓarta ranar da mayafi ya zame. Daga ranar in Hansai ta doso, sai ta janye 'ya'yanta cikin ɗaki, wai mace mai gemu mayya ce.

Ita kuwa ba abin da take so kamar yaro. 'Ya'yana duk ta goya su. Wadda ta fi shaƙuwa da ita Mariamu ce, 'yar Alhaji Isma'ila. Uwar Mariamu ba ta da lafiya sosai, ga ƙanana a gabanta, sai yarinyar ta tare a ɗakin Hansai. A bayanta take barci, ita take kira Inna.

Ana cikin yaƙin basasa motar goro ta kife da Almu a hanyar Abekuta, kusa da Abule Egba. Aka kawo shi a naɗe cikin tabarma. Da aka yi sadakar uku, mata sun cika ɗakin, sai Inna Kalsum ungozoma ta matso ta tambayi Hansai yaushe rabonta da ganin jini. Hansai ta ce tun kafin azumi. Tsohuwar ta sa ta kwanta, ta danna nan, ta danna can, ta daɗe tana lalube. Sannan ta ɗago ta ce, "Akwai mutum a nan. Firgita ce ta sa ya kwanta."

A wurinmu an san ciki yana kwanciya. In mai ciki ta razana, ko baƙin ciki ya same ta, sai a ce ɗan ya daina girma ya yi barci, ya shekara ko ya fi, sai ranar da Allah ya tashe shi. In aka haife shi namiji a kira shi Shekarau. Ba wanda ya yi mamaki a ɗakin. Aka kai maganar wurin Malam Shitu liman, ya ce mai ciki takabarta ba ta ƙarewa sai ta haihu.

Ina kusa da ita lokacin da Inna Kalsum ta yi maganar nan. Kwana uku fuskarta kamar toka, sai na ga wani abu ya dawo cikinta. Ta ɗora hannu biyu a kan cikinta ta ce, "Ashe bai tafi duka ba."

Unguwa ma ta sauya. Waɗanda suke cewa juya suka koma aiko mata da tsamiya da ɗanwake, wai ko tana kwaɗayi. Alhaji ya ce ɗakin nata ne har ɗan ƙaninsa ya iso. Wata ta yi wasa ta ce Uwar Shekarau, sunan ya zauna. Ta aika aka sayo mata majanyi na saƙi, baƙi mai ratsin ja, ta ninke shi ta sa a ƙasan kwalla.

Shekara ta zagayo, wata rana jini ya zo mata. Ta shigo ɗakina tana kuka, muka ruga wurin Inna Kalsum. Tsohuwar ta ce kwantaccen ciki yakan yi haka, yana rage ruwa ne, a ƙara masa haƙuri. Don haka in jini bai zo ba, ciki ne. In ya zo, cikin ne dai. Ta sha rubutu, ta sha saiwoyi, ta sha jiƙe-jiƙen Yarbawa masu ɗaci, duk na tayar da ciki. Wata Juma'a ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan cibiyarta.

"Kin ji? Ga shi nan. Kin ji?"

Na daɗe ina saurare. Na ce, "Ban ji ba, Hansai. Amma kin san hannun mai ɓarar goro, ko garwashi ba ya ji."

Ta ce, "Shi ma ya san wadda zai yi wa motsi. Me zai ce wa Bazazzagiya?"

Takaba kuwa ta riƙe ta yadda aka ce. Ba lalle, ba turare, ba zuwa biki, ba kwana a wani gida. Tandun kwallinta ta ba ni, ta ce in ajiye mata sai ranar suna. Na tambaye ta matsefata fa? Ta ce wannan ba ado ba ne, sutura ce. Idon Hansai ba kwalli, na daɗe ban saba da shi ba.

A cikin masu sayen tuwonta akwai Sanda tela, mai shago a bakin hanyar tasha. Matarsa ta rasu ta bar masa 'yan mata biyu ƙanana. Su yake aikowa da kwano, sai Hansai ta zaunar da su ta tsefe musu kai ta yi musu kitso, tuwon ya huce kafin su koma. Sanda ya san ba a yi wa mai takaba maganar aure, sai bai yi ba. Ya dai ci gaba da aiko da kwano.

Shekarar da aka canja kuɗi, fam ya koma naira, Malam Shitu ya zo zauren Alhaji da kansa. Ya ce ya duba littattafai, iyakar abin da malamai suka ba kwantaccen ciki shekara biyar ce, ga ta ta cika. Takaba ta ƙare, Hansai tana iya yin aure. Mako bai zagayo ba Sanda ya aiko manya wurin Alhaji. Ni aka ce in ji ta bakinta. Na ɗauko tandun kwallin nan na shiga ɗakinta da murna, na ajiye a gabanta.

Ta dube shi ta ce, "An yi sunan ne ban sani ba?"

"Hansai, liman ya ce kin fita. Sanda mutumin kirki ne. Yaran nan kuma kin ga yadda suke maƙale miki."

"In na shiga ɗakin Sanda, yaron nan ya tashi, ɗan wa za a ce?"

"Amma liman ya ce—"

"Liman ya ce littafinsa ya ƙare. Bai ce cikina ya ƙare ba."

Ta tura mini tandun da ɗan yatsa, ta rage murya ta ce, "Rahmatu, kin manta sunan da suke kirana da shi da? Ni ban manta ba. In na ce babu kowa a nan, mece ce ni? Juya mai gemu. A gidan Sanda ma za a zuba ido, wata tara, shekara, shiru. Ba zan iya komawa can ba."

Na kai wa Alhaji amsa. Sanda da ya ji, cewa ya yi, "To, Allah ya sauke ta lafiya." Washegari ga yaran da kwano. Bai yi wani auren ba.

Mariamu kuwa ta yi ta karatu. Lokacin kuɗin mai sun shigo, gwamnati tana ɗaukar nauyin ɗalibai, ta samu shiga jami'a karatun likita. Ita ce mace ta farko a layinmu. Alhaji ya sha surutu a masallaci, Hansai ce ta tsaya mata, ta soya mata dambun nama cike da gwangwani ta tafi da shi. Tun daga ranar take kiranta Likita.

Da ta zo hutun farko, sai ta turo ƙofa ranar Juma'a ta same mu, kan Hansai a cinyata. Ba ta fita ba. Ta durƙusa, ta ɗaga tata haɓar wajen haske, ta ce, "Inna Rahmatu, in kin gama da ita, ga ni." Gashi ne 'yan ƙwarori, amma irinsa ne sak.

Ina cire mata tana ba mu labari. Ta ce a ɗakin kwanansu ba ita kaɗai ba ce. Akwai mai ɓoye reza a cikin kwalin sabulu, ta riga kowa shiga banɗaki. Samari sun gano wata, suna kiranta Oga in za ta wuce. Wata kuma jininta ya ɗauke wata da watanni, ta tsorata ta ɗauka ciki ne alhali ba ta taɓa kusantar namiji ba, har ta sha wani abu da ya kusa kashe ta. Ba mai gaya wa wata. Wasu su ce yawan cin burodi da bota ne, wasu su ce asiri aka yi daga gida.

Hansai ta ce, "Duk bokon nan naku?"

Mariamu ta ce, "Inna, mai karanta shari'a ina ta san cikin mutum? Mu ma ba a kai mu wurin ba tukuna."

Sau ɗaya ta taɓa zuwa da ƙawayenta su ci tuwon Inna. Sun ci sun yaba. Sai suka ji ana kiran Uwar Shekarau, ɗaya ta tambaya ina Shekarau ɗin, a kawo shi su gan shi. Da Mariamu ta yi musu bayani a zaure, na ji dariya ta tashi, ana ta Turanci. Hansai ba ta jin Turanci, amma dariya ba ta buƙatar tafinta. Ta ci gaba da kwashe tuwonta. Mariamu ba ta ƙara kawo kowa gidan ba.

Can bayan ta yi nisa a karatu, har sun fara shiga asibiti, ta zo wata ranar Asabar ba hutu ba komai. Ruwa yana dukan kwanon rufi, sai da ta matso kusa muke jin ta. Ta ce sun karanta abin. Ciwo ne sananne, sunan waɗansu Turawa biyu aka sa masa, ta faɗa ban riƙe ba. Ta ce kowace mace tana da wurin da ƙwan haihuwa yake nuna. A wasu matan ƙwan ba ya ƙarasa nuna ya fito, sai ya tsaya ya yi 'yan ƙulli-ƙulli kamar duwatsun wuya. Shi ke hana jini zuwa, shi ke kawo gashi da jiki da baƙin wuya, shi ke jinkirta haihuwa. Ba maita ba ce, ba laifin kowa ba ne. Ta ce abin da ya fi tayar mata da hankali, in jini ya daɗe yana taruwa shekara da shekaru, mahaifa tana iya lalacewa.

Hansai tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, Likita, Allah ya ƙara sani."

"Inna, ki dube ni. Ni ma nawa yakan yi wata da watanni bai zo ba. Kin kuma san ban san namiji ba. To ni wa ya kwanta a cikina?"

"Ke yarinya ce."

"Mu je a ɗauki hoto. In akwai yaro, ƙashinsa zai fito. In ya fito, wallahi ni zan fara yi miki guɗa."

"Ba za a haska mini ɗa da wutar lantarki yana barci ba."

Mariamu ta fashe da kuka. Hansai ta ajiye farantin, ta jawo ta jikinta tana bubbuga bayanta kamar da. Da ta lafa, sai Hansai ta tambaye ta, "Ke naki akwai magani?"

"Akwai ƙwayar da ke kawo jinin a kan lokaci. In na yi aure kuma akwai wadda ke taimaka wa ƙwan. Ba kowa take yi wa ba, amma tana yi wa wasu."

"To ki sha. Ki sha kullum. Kuma in kin yi aure, kada ki kuskura wata tsohuwa ta danna miki ciki ta gaya miki abin da ke ciki."

Na dube ta, ta kau da kai ta ɗauki farantinta. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Ban taɓa tambayarta a kai ba.

Bayan shekarar babban bikin al'adu da aka yi a Ikko, jini ya zo mata, bai kuma tafi ba. Da fari murna ta yi, ta ce tashi yake yi, har ta ciro majanyin ta shanya a rana. Inna Kalsum ta daɗe da rasuwa, ba mai tambaya. Mako ya zama wata. Tafin hannunta ya yi fari, jikin nan da ya ƙi raguwa duk rayuwarta ya fara zubewa. Rannan ta yanke jiki ta faɗi a gefen tukunya, Allah ya tsare ba ciki ta faɗa ba. Aka ɗauke ta a motar Alhaji sai asibiti. Suka ƙara mata jini, suka duba ta, suka ce sai an yi aiki an cire mahaifar, kuma da gaggawa, amma sai da yardarta. Da aka fassara mata, ta ce a miƙo mata mayafinta. Gida muka dawo.

Alhaji ya yi faɗa, liman ya zo ya yi nasiha, ni na yi kuka har na gaji. Ta ce in an cire, da shi za a cire. Tana kwance, ni ke wanke mata tsummoki, na san abin da nake gani.

Sai ga Mariamu da akwatinta, ana dab da jarrabawa. Ta ajiye shi a ɗakin Hansai, ta shimfiɗa tabarma.

Hansai ta ce, "Likita, an ba ku hutu ne?"

"A'a. Na dawo gida."

"Tashi ki koma makaranta."

"Sai in tare za mu tafi."

"Ni kike yi wa taurin kai? Ni da na wanke miki kashi?"

"A wurinki na koya."

Kwanaki suka wuce, yarinya tana shara tana wanke-wanke, littattafanta a rufe cikin akwati. Wata safiya Mariamu ta fita ɗebo ruwa, Hansai ta bi bayanta da kallo ta ƙofa, ta daɗe. Sannan ta ce mini, "Wannan dai na goya ta. Na ji nauyinta a bayana, ta yi mini fitsari, ta cije ni. Ba zan bari ta zauna a kan tabarmar nan saboda wanda ko fuskarsa ban sani ba. Ki ce wa Yaya Alhaji a kawo mota."

Aka yi aikin. Da ta farfaɗo sosai, ina wurin, ta kama hannun Mariamu ta ce, "Me suka samu?"

"Tsiro ne, Inna. Kuma ya riga ya bazu."

"Ba shi nake tambaya ba."

Mariamu ta sunkuyar da kai. "Babu kowa, Inna."

"Ko ƙashi?"

"Ko ƙashi."

Ta saki hannun, ta juya fuskarta wajen bango.

Mariamu ce ta ba ni labarin abin da ya faru bayan 'yan kwanaki. Babban likita ya zo da ɗalibai cikin fararen riguna, ya nemi izini su duba ta. Mariamu ta yi sauri za ta ja mata mayafi a haɓa, sai Hansai ta riƙe hannunta ta ce, "Bar su su gani, ai karatu suka zo." Ta ɗaga haɓar da kanta, ta juya musu wuya. Ta ce da Yarbanci, su duba da kyau, in wata ta zo musu da irinsa su gane tun tana yarinya. Matar da ta shekara goma sha wani abu tana rufe ƙofa kafin ta nuna mini.

Sanda kullum da safe sai ya kai kunu. Ba ya shiga, sai ya ba ma'aikaciya, ya tsaya ta taga ya ce yaya jiki, ya koma shago.

An rufe ta bayan sallar Juma'a. A zaman makoki kowa ya shigo sai ya ce Allah ya jiƙan Uwar Shekarau, ni kuma in ce amin. Mariamu ta koma ta rubuta jarrabawarta da kumburarrun idanu. Matsefatar tana nan a ƙulle a bakin zanen, ban kwance ba.

Ganina na ƙarshe da ita ranar Talata ne da la'asar. Ta aiko in zo mata da majanyin da tandun kwalli. Na same ta an jingina ta da matashi, ta koma kamar yarinya don rama, amma idonta a buɗe. Ta karɓi majanyin ta shinshina, ta mayar mini.

Ta ce, "Ki ajiye wa Likita. Kada ki ba ta sai kin ga yaron da idonki, yana kuka."

"To."

"Sanda kuma ki ce masa kununsa sukari ya yi yawa. Ki ce ya yafe mini. Yaran nan a nemo mai yi musu kitso da hannu mai taushi, ƙaramar tana da zafin kai."

"Zan gaya masa."

Ta ɗaga ido ta kalli rufin ɗakin. Can ta ce, "Rahmatu, kin san abin da ke damuna? Wadda ta yi ɓari ma ana zuwa a yi mata sannu. Ni shekara goma ina magana da shi, ina rage gishiri saboda shi, ba na kwanciya rub da ciki. Yanzu ba shi, kuma ba wanda zai ce mini komai, tunda an ce dama babu shi."

Na gyara zama, na rufe kaina da mayafi yadda ake yi in an shiga gidan rasuwa, na kama hannunta na ce, "Hansai, ya haƙuri? Ya haƙurin Shekarau?"

Ta matse hannuna. Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki."

"Allah ya ba ki dangana."

"Amin. Amin, na gode."

Muka yi kuka tare, ba mai yawa ba, don ba ta da ƙarfinsa. Na share mata fuska da bakin zanena. Ta nuna tandun da ido, na buɗe na zizara mata. Na ɗan zarce a ido ɗaya.

Ta ce, "Na san kin ɓata. Bazazzagiya da kwalli."

"Kin yi kyau, Bakanuwa. Wallahi kin yi kyau."

Aka kaɗa ƙararrawar fitar masu dubiya. Na tattara kwanuka na miƙe. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni, ta shafa haɓarta da bayan hannu.

"Ya fara tsirowa. Ki zo da matsefatar ranar Juma'a."

Na ce, "Zan zo da ita, in sha Allahu. Da hantsi."

Ta ce, "Kada ki makara."